GARGAƊI: mai haɗa allon shago ya karɓi naira 480,000, ya manna min soso da gam

Jama'ar Kano, musamman masu shaguna wajen Zoo Road da Tarauni, ku yi hattara da wani mai haɗa allon shago irin mai fitila a ciki da haruffa masu tudu. Naira 480,000 na tura masa. Yau abin da ke saman shagona yagaggen fileks ne, wato yadin robar da ake rufe fuskar allo da shi, yana kaɗawa, da tabon gam a inda sunan shagon yake a da. Naira 480,000, kuɗin da na tara daga cinikin atamfa da leshi na sallah.

Kada kowa ya zo min da "ai ke ma kin yi sakaci". Ba yau na fara kasuwa ba. Na tambaya, na nemi ganin aikinsa, ya kai ni har gaban wani kantin magani ya nuna min allo mai kyau ya ce aikinsa ne. Sai bayan abin ya faru mai kantin ya ce min ai shi mutumin tsani kawai ya riƙe wa masu aikin.

Abin da ya hana ni barci shi ne harafin nan. Ya zuge jakarsa ya ciro harafin H na akirilik, wato roba mai tauri kamar gilashi, mai nauyi, gefensa alminiyam, ya ɗora min a tafin hannu. Ya jona shi da ƙaramin batir, fitilun LED na ciki suka kama, a hannuna. Ya juya bayansa ya nuna min noti biyu dogaye, ya ce, "Hajiya, fileks yadi ne, ba bango ba ne. Ba a manna masa harafi. Farantin alminiyam ake sawa a bayansa a ɗaure a jikin firam, a huda yadin da zagayayyen rami, notin ya ratsa, a sa washa gaba da baya a ɗaure. Faranti ne ke ɗaukar nauyi, ba yadi ba." Wallahi haka ya ce. Wa zai ji wannan bayani, da harafi yana haske a hannunsa, ya ce mutumin nan bai san aiki ba? Ya sani sarai. Shi ya sa nake cewa ba kuskure ba ne, cuta ce da gangan.

Iskar farkon damina ce ta tona masa asiri. Kun san yadda take zuwa da ƙura kafin ruwa ya sauko. Da safe na iso na tarar sunan shagona saura haruffa uku, yaron maƙwabcina ya tsamo min ɗaya daga kwata ya ce, "Anti, ga naki." Mutane na wucewa suna ɗaga kai suna karanta abin da ba ya karantuwa. Na karɓi harafin, ba nauyi ko kaɗan. Farin soso ne irin wanda ake samu a kwalin sabon firji, an shafa masa fenti, an liƙa siririyar roba a fuskarsa. A bayansa salatif mai manne gaba da baya da busasshen gam. Babu noti, babu waya, babu fitila ko ɗaya.

Ai tun a zafin Afrilu na ga yadin ya saki, harafi ɗaya ya karkace. Na kira shi, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, yadi ne ke zama." Kafin nan ma, 300,000 na fara ba shi na kayan aiki. Sai 120,000 ranar da zai kafa. Ya zaɓi ya kafa da dare bayan na rufe, wai da duhu ake gwada fitila. Washegari akwatin allon yana haske amma haruffan ba sa yi, ya ce taransifoma mai volt 12 ce ba ta iso ba, in ƙara 60,000. Na ƙara, tunda na riga na ga yadda harafin ke kamawa da idona. Ku haɗa ku gani: 480,000.

Wani dattijo mai wannan sana'a da ɗan'uwana ya kawo ya hau ya buɗe akwatin. Wayam. Dogayen ƙwan fitila biyu ne kawai a ciki, babu faranti, babu sandar da za ta riƙe komai. Firam ɗin da aka ce min alminiyam ne ashe siririn fayif ne na baƙin ƙarfe, har tsatsa ta fara zubowa a bango. Baba ya ce fileks zaren foliyesta ne aka lulluɓe da roba, in rana ta buga shi yana miƙewa, maiƙon da ke cikin robar ya fito ya kashe gam, ga iska kullum tana tura shi ciki da waje. Manyan haruffa biyu kuma da wuƙa ya tsaga yadin ya ɗaure su da waya, daga wannan tsagar ce iska ta kama ta kece shi har ƙasa. Duk abin da Baba ya faɗa, shi ne macucin ya faɗa min ranar da ya ɗora min H a hannu. Kalma da kalma.

Yanzu ya toshe lambata a WhatsApp. Shagon da ya ce nasa ne, masu wurin sun ce aron benci yake yi. Duk ina da shaida: rasit na taransifa uku, saƙon muryarsa yana rantsuwa da Allah, hoton harafin soson. Zan sa su yau da dare in wayata ta yi caji, in kuma kai wa 'yan sanda.

Kada ku biya ragowar kuɗi sai an buɗe akwatin kun ga faranti da noti da idonku, kuma a kafa da rana kuna tsaye. Duk wanda mutumin nan ya nuna wa harafin H mai haske ya karɓi kuɗinsa, ya yi min magana ta ciki mu je tare. Naira 480,000 ɗina ban yafe ba.