Kafin ka sa wa Hilux manyan tayoyi: zaɓi uku da abin da kowane zai ci maka

Duk mai a-kori-kura da ke shiga ƙauyukan Zango, Ɓaure, Mashi ko Sandamu ya san inda cikin mota ke dukan ƙasa: hanyar da amalanke da manyan motoci suka zaizaye gefe biyu, suka bar tudu a tsakiya. Daga nan tunanin ƙara girman taya ke tasowa, kuma tunani ne mai hujja. Ɗaga mota da dogayen sifirin da shokazoba bodi kawai yake ɗagawa. Ƙullin aksul na baya, wanda ya fi komai kusa da ƙasa, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Sai dai ɗagawar ba ta kai yadda ido ke gani ba, kuma ba kyauta take zuwa ba.

A fara da lambar da ke jikin taya. Hilux da yawa na 2015 zuwa yau suna zuwa da 265/65R17. Faɗin tayar ke nan milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wili kuma inci 17. In an haɗa lissafi, tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. Da wannan adadi za ka auna duk tayar da mai shago ya mirgino maka.

Zaɓi na farko shi ne ka bar girman yadda kamfani ya yi, ka canza irin tayar. Mutane da yawa da ke neman babbar taya, abin da ke damunsu ba tsayi ba ne, yawan faci ne: ƙayar aduwa, kututturen karan dawa bayan girbi, da tsakuwar hanyar burji mai yanka gefen taya. Wannan ba girma ke maganinsa ba, ƙarfin jiki ne. Tayar da aka rubuta wa H/T ta kwalta ce, shiru take, ba ta shan mai, kuma ita ta dace da wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Katsina zuwa Kano ta Kankiya. A/T tana da manyan haƙora, kuma yawanci gefenta ya fi kauri, tana bin kwalta tana bin daji. Irinta su ne BFGoodrich All-Terrain, Yokohama Geolandar A/T da Dunlop Grandtrek AT. M/T kuwa don laka aka yi ta. A ƙasar Funtuwa, Bakori da Ɗandume, inda damina ke mayar da hanya taɓo, tana da rana. A rairayin Daura da Mai'aduwa ba na ba kowa shawararta, domin haƙoranta tona ƙasa suke yi, mota ta nutse tun direba bai ankara ba. Ga ƙugi a kan kwalta, ga saurin cinyewa. Cikin rairayi abin da ke fitar da mota shi ne rage iskar taya har tafinta ya shimfiɗu, sannan a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya fi inci biyu na taya amfani a nan.

Zaɓi na biyu, taki ɗaya sama: 265/70R17. Faɗin bai canza ba, wilin ka na nan, tsayi ya koma milimita 803. Rabin ƙarin ne ke ɗaga mota, wato kimanin milimita 13. Ba shi da yawa, amma gefen tayar ya ƙaru, yana shanye duka a cikin ramuka, kuma yana ba da damar rage iska ba tare da wili ya taɓa dutse ba. A yawancin motoci tana shiga ba sai an ɗaga komai ba, iyaka ta ɗan goga robar kare laka idan an murɗe sitiyari har ƙarshe. Sifiyarta ma galibi tana zama a mazauninta na ƙarƙashin bodi. Bambancin kashi 3 da ɗoriya ne cikin ɗari: maleji na nuna 100, kai kana kan 103, ya nuna ka yi kilomita 5,000, alhali ka yi 5,170. Injin fetur mai lita 2.7, wanda ya fi yawa a Hilux ɗin da ke nan, yana ɗaukar wannan ba tare da ya yi nishi ba. Ga manomi, ɗan kwangila, ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye, nan nake ganin ya kamata a tsaya.

Na uku shi ne wanda ke ɗaukar ido: 285/70R17, wadda ake kira inci 33. Tsayinta milimita 831, kashi 7 cikin ɗari sama da ta asali. Duk abin da ta ƙara wa aksul daga ƙasa milimita 27 ne, inci ɗaya da 'yan kai. Don samun wannan sai an ɗaga mota, sau da yawa a canza wili, a yanke roba da bakin bamba, wani lokacin har ƙarfen da bodi ke zaune a kai sai an rage masa. Ɗagawa kaɗai ba ta hana guga, domin da mota ta faɗa rami da lodi, taya na komawa can cikin kwarminta. Bayan haka sai abubuwan da ba a gani ranar da aka fito daga gareji. Doguwar taya tana rage wa kowace giya ƙarfin ja, mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya riƙa ɗaukar wahalar, musamman da buhuna a baya. Birki na ƙara nisa kafin ya tsayar. Boris, bol join da tayarod suna saurin mutuwa, shaf ɗin gaba na aiki a karkace saboda ɗagawar. Mota ta ƙara tsayi, saboda haka ta fi saurin tangaɗi a kwana. Shan mai kuma ya ƙaru, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai raina wannan. Wanda aikinsa kullum cikin kwazazzabai ne, kuma ba ya ɗaukar kaya masu nauyi, zai iya cin ribarta. Motar neman abinci kuwa asara za ta ja mata.

Akwai masu sa wili inci 20 da siririyar taya. Wannan ado ne na cikin gari, ramin farko a hanyar burji zai iya lanƙwasa wilin.

Masu tsohuwar Hilux mai 205R16C su ma su yi hattara. Tsallakawa zuwa 265/70R16 ƙarin kusan kashi 6 ne cikin ɗari, kuma tayar tana buƙatar wili mai faɗin inci 7 zuwa sama. In aka matsa ta a kan siririn wilin asali sai ta yi tumbi, tsakiyarta ta cinye, mota ta riƙa yawo a hanya. Harafin C ɗin nan kuma yana nufin tayar ɗaukar kaya ce, kada a musanya ta da wadda ta fi ta girma amma ba ta kai ta ƙarfi ba.

Wannan batu na lodi ya fi girman taya muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Bayan lambar girma akwai wata, kamar 112S. Lamba 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120. 115 kilo 1,215 ce. 121 kilo 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Mai lodin gero da wake ya nemi wadda ke da LT ko C a lambarta, duk da ta fi nauyi da tauri in mota ba kaya. Amma taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa sifirin, aksul ko birki ƙarfi. Hilux motar ɗaukar kimanin tan ɗaya ce, buhu goma na kilo ɗari, ko da wace taya aka sa mata.

Sai shekarun taya. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 3523 na nufin an ƙera tayar a mako na 35 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40 kuma kwalta ta fi haka, tsohuwar roba mai ƙarancin iska da lodi a kai ita ce ke fashewa a guje. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Najeriya a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, tayoyin da ke kasuwa daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, shi ya sa 'yar Beljiyam, wato tayar hannu, ke jan hankali, musamman a manyan lambobi. Shigo da irinta ma haramun ne a dokar kwastam. In kuɗi bai kai ga manyan sunaye ba, sabuwar Maxxis, Triangle ko Westlake mai kwanan wata na kusa, a girman asali, ta fi babbar taya ta hannu da ba ka san inda ta kwana ba. Ko a Katsina za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka duba kwanan watan kowace ɗaya da idonka.

Biyar za ka saya, ba huɗu ba. Mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi, domin in aka sa mata giyar daji a haka, akwatin raba ƙarfi da aksul ne ke shan wahala. Kafin ka biya, ka sa mai faci ya ɗaura ɗaya a gaba, a sauke jak, a murɗe sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a yi gaba a yi baya, a hau ɗan tudu ana sauraro. In ta goga a haka mota ba kaya, da lodi abin zai fi muni. Ka gwada ɗaga sifiya zuwa mazauninta, ka tabbata jak ɗinka na iya ɗaga motar a sabon tsayinta, sannan a yi balansin da alaimen kafin ka hau hanyar Daura.