Mai iska ko mai ruwa: wacce za ta riƙe zafin furosesa?

Malam, ka ce kwamfutarka ta tebur mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-12400 tana kaiwa digiri 92 idan kana haɗa bidiyo, shi ne kake tambaya tsakanin na'urar sanyayawa ta iska da ta ruwa wacce za ka saya.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, 92 ba ta ƙona furosesa. Intel ta sa iyakar wannan a digiri 100, in ta kai nan da kanta take rage gudu har ta huce. Illar dai aiki ya riƙa jan ƙafa, fanka kuma ta cika maka kunne.

Ta iska, irin Hyper 212 ta Cooler Master ko Peerless Assassin 120 ta Thermalright, tulin faranti ne siraran gaske da bututan jan ƙarfe suka ratsa. Bututan su kwaso zafi daga kan furosesa, fanka ta hure shi. Abu ɗaya ne ke motsi a jikinta, wato fankar, in ta mutu ka sauya ta da kuɗi kaɗan. Matsalarta tsayi. Peerless Assassin ta haura santimita 15, don haka ka auna faɗin akwatin kwamfutarka kafin ka biya, kar murfi ya ƙi rufuwa.

Ta ruwa kuwa tsarin lagireton mota ne: ƙaramin famfo a kan furosesa yana tura ruwa ta tiyo zuwa lagireto mai tsawon milimita 240 ko 360, fankoki biyu ko uku suna hura shi. Ta fi iya ɗaukar zafi mai yawa, ga kyan gani in akwatin mai gilashi ne. Amma famfon nan yana gajiya, ruwan ma yana raguwa a hankali da shekaru, kuma yawancinsu ba a yi su don a buɗe a ƙara ba. Ranar da famfo ya tsaya za ka ga fankoki na juyawa lafiya lau, zafi kuwa ya haura cikin ɗan lokaci. Sai sabuwa, ga tsada.

Mutane kan manta cewa dukkansu da iskar ɗaki suke aiki. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, babu wadda za ta sauke furosesa ƙasa da zafin ɗakin. Ƙurar hunturu ma ba ta ƙyale ko ɗaya, sai dai ramukan lagireto sun fi matsewa, sun fi wahalar kakkaɓewa.

Furosesarka ba ta wuce wat 117 ko ta ƙure gudu. Masu i9-13900K, da ke jan wat 253, su ne ke da hujjar sayen mai ruwa ta 360. Kai ta iska ta ishe ka har da saura.

Kafin ma ka sayi komai, ina zargin ƙaramar fankar da Intel ke sakowa a kwali ce a kanta. Cire ta, goge tsohon man da ake shafawa tsakaninta da furosesa (thermal paste) wanda ya bushe a saman furosesar, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar da fankar, ka tabbata ƙafafunta huɗu sun shige sun kama. Hure ƙurar da bulowa, ka riƙe fanka da yatsa kar ta yi ta juyawa. Sannan ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka sake haɗa bidiyon. In har yanzu tana haura 85, sayo ta iskar.