VirtualBox 7 wajen kwafin sabar gwaji: yana aiki, amma sai an shirya uwar

Ɗalibin da ke koyon aikin sabar a Yamai ba ya buƙatar injuna huɗu a ɗaki. Kwamfutar hannu mai RAM giga 16 da faifan SSD ta ishe shi, in ya sa VirtualBox na kamfanin Oracle, manhajar da ke tafiyar da na'urorin kwaikwayo da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, wanda kyauta ne. Da giga 8 ma ana lallaɓawa, sabar Ubuntu uku masu giga 1 kowace. Windows Server 2022 kuwa ci gare shi, giga 2 ne mafi ƙanƙanta ga nau'in da ke da tagogi, kuma na gwajinsa kwana 180 yake yi.

Amfanin kwafi a nan shi ne kuɗin intanet. Ubuntu Server ya haura giga 2. A sauke shi sau ɗaya, a girka, a sabunta, sannan a mai da wannan na'urar uwa, wato wadda za a riƙa kwafar sauran daga gare ta. VirtualBox yana ba da kwafi iri biyu, waɗanda a shafinsa na Faransanci ake gani da Clone intégral da Clone lié. Na farko yana kwashe faifan gaba ɗaya, ya tsaya da ƙafarsa. Na biyu cikin daƙiƙoƙi yake fitowa, abin da ya sauya kawai yake ajiyewa, sai dai yana jingine da faifan uwar: in faifan ya ɓace ko ya lalace, ƴaƴan duk sun tafi. Ga ƙaramin faifai na biyun ya fi, ga wanda zai kai aikinsa wata kwamfuta sai na farko.

Inda manhajar ta gaza shi ne ba ta gargaɗi cewa kwafi yana ɗaukar har da shaidar na'ura. A tagar kwafi a zaɓi sabunta lambar MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, ta dukkan katunan. Ko an yi haka, sabar Ubuntu biyu suna iya karɓar adireshin IP ɗaya, domin wajen neman adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba adireshi, da lambar da ke cikin /etc/machine-id suke gabatar da kansu. Maganin: kafin a kashe uwar a rubuta truncate -s 0 /etc/machine-id, a goge /etc/ssh/ssh_host_*, makullan SSH, hanyar shiga sabar daga nesa. A kowane kwafi sai ssh-keygen -A don sababbin makullai, sannan sabon suna da hostnamectl. Windows kuma sai an bi ta sysprep da zaɓin generalize, in ba haka ba lambar SID, shaidar na'ura a Windows, ɗaya za su riƙe, shiga Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusu da na'urori, ya zama rigima.

Kada a kwafi fayil ɗin VDI, wato faifan na'urar, da hannu. VirtualBox zai ƙi shi saboda UUID, lambar shaidar faifan, ya maimaitu.

Sai hanyar sadarwa, wadda ke rikita sabon shiga. A tsarin NAT da ake tararwa, inda na'ura ke fita intanet ta cikin kwamfutarka, kowace na'ura 10.0.2.15 take samu, kuma ba sa ganin juna. A ba kowace kati biyu: NAT don intanet, Réseau interne don su yi magana tsakaninsu. Mai son shiga ta SSH daga kwamfutarsa ya ɗauki Réseau privé hôte, mai jerin 192.168.56. Wanda ke gwajin sabar DHCP ya guji Accès par pont, don kar ya shiga raba adireshi a wifin ofis ko na makaranta.

In an ga koren kunkuru a ƙasan taga, Hyper-V, tsarin na'urorin kwaikwayo na Windows, ne ya riƙe injin, komai zai ja jiki sai an kashe shi. A duba BIOS kuma ko VT-x ko AMD-V, zaɓin da ke ba na'urorin kwaikwayo damar aiki, na kunne. Zafin Afrilu da Mayu yana sa kwamfuta rage gudu in sabar uku suna aiki, ɗaukewar wuta kuma tana iya lalata faifan da ake rubutu a kansa, don haka mai babbar kwamfuta ta tebur ya tanadi batirin ajiyar wuta.

VMware Workstation Pro ya zama kyauta a 2024, da yawa suna ganin ya fi santsi da Windows, amma sai an buɗe asusu a Broadcom kafin a sauke. Don gwajin DNS, DHCP da sabar yanar gizo a kan Linux, VirtualBox ya wadatar.