Farin tangaran na Dehua: a duba Guanyin da kyau kafin a biya

Cikin kayan tarihin ƙasar Sin da ake sayarwa, mutum-mutumin Guanyin na garin Dehua da ke lardin Fujian ya cancanci kuɗinsa, in dai na gaske ne. Guanyin ita ce mai tausayi a addinin Buddha, kuma masu ginin tangaran na Dehua sun fi kowa iya fito da natsuwar fuskarta da kwanciyar mayafinta. Yumɓun yankin ba shi da ƙarfe sosai, shi ya sa yake fita fari sol bayan gashi.

Launi ne abin fara dubawa. Na zamanin daular Ming, wadda ta ƙare a 1644, farinsa ya karkata zuwa na hauren giwa, sheƙinsa kamar an shafa mai. Na baya-baya sukan yi fari mai sanyi, wani har da ɗan shuɗi-shuɗi. A haska tocila ta cikin ramin gindin: tsoho mai kyau yakan ba da haske mai ɗumi a wuraren da jikin ya yi siriri.

Sai a kifa shi. A mazubi ake fitar da gangar jikin, a haɗa gaba da baya, sannan a ɗora kai da hannuwa, don haka ana ganin sawun yatsu da layin haɗi a ciki. Ƙananan tsagu na wuta a can ba aibi ba ne. Cikin da ya yi sumul ƙwarai, ga nauyi sakayau, alamar sabon zubi ce.

Hatimi kuwa kada ya ruɗi kowa. Sunan He Chaozong, gwanin da ya yi tashe wajen 1600, ana buga shi a bayan mutum-mutumi, amma ƙarni bayan ƙarni ana kwaikwayonsa. Aikin hannun ne shaida: siririn yatsu, gashin da aka tsefe layi-layi, da zurfin ninkin tufa.

Babban raunin mutum-mutumin yatsu ne, domin su ke fara karyewa. Fitilar duba jabun kuɗi takan tona inda aka yi gyara da gam da fenti. Wasu kuma na jiƙa sabo a ruwan shayi don ya tsufa. Irin wannan dattin yana bin auduga mai laima. Wurin ɗauka a tallafo gindin da hannu biyu, kada a kama kai ko hannu.