Ƙugiya ko Birgi a Ƙaramin Tafki?

Matasan wajen Argungu sun sha tambayata, a ƙaramin tafkin da ruwan Rima ya bari bayan damina, ƙugiya za su saya ko birgi, wato ragar kamun kifi da ake jefawa a ruwa?

Ƙugiya ta fi araha nesa ba kusa ba. Tsutsa da tana kawai take buƙata, sai haƙuri, kuma tarwaɗa na cin ta sosai da dare. Birgi kuwa sai da kuɗi da koyo, ga ƙaya da ke yage shi. Amma karfasa ta fi shiga hannunsa.

Abin da ke damuna shi ne birgi mai ƙananan idanu: yana kwashe 'ya'yan kifi, bazara na zuwa tafki ya zama wayam.

Mai neman na miya, ƙugiya ta ishe shi. Mai kai kifi kasuwa ya ɗauki birgi, amma mai manyan idanu.