Jar ƙasa ko lakar kogin Binuwai: da me za mu rufe tsohon juji?

An daina zuba shara a jujin bayan unguwarmu a Garwa ta Kamaru, saura rufewa. Wasu na son a kawo jar ƙasa a tifa a daddaɓe. Tana rage ruwan sama shiga shara, amma ciyawa ba ta kama ta sosai, damina ɗaya zaizaya ta tsattsaga ta.

Ni na fi son lakar da aka yaso daga Binuwai. In ta tsane, a gauraya ta da taki, a dasa jema da gamba, saiwoyinsu su riƙe ƙasa. Amma a fara gwada ta, kada ta zo da guba, don awakinmu nan za su yi kiwo. Bagaruwa kuwa a gefe kawai, saiwarta na huda murfin.