Zagayen cin abinci a Darjeeling cikin hunturu: ya ci kuɗinsa, ban da shagon shayi

Duk wanda karatu ko jinyar ɗan uwa ta kai shi Kolkata, ba zai rasa mai ce masa ya hau Darjeeling ba. Garin yana arewacin jihar Bengal ta Yamma a Indiya, a kan tsauni sama da mita 2,000, kuma daga Siliguri motocin jif na haya ne ke hawa da mutane, tafiyar kusan awa uku a hanya mai kwana-kwana. A watan Janairu na je, na biya wani ɗan rakiya da ke zagayawa da baƙi wuraren cin abinci a ƙafa. Sanyin lokacin ba wasa, da dare har ya kan kusa daskarar da ruwa.

Babban abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne batun nama. Yawancin mutanen garin masu jin yaren Nepal ne, ga 'yan Tibet da suka ƙaru bayan hijirarsu daga ƙasarsu a 1959, kuma naman alade a wurinsu abinci ne na yau da kullum. Momo, wanda kowa ke yabo, ƙullin fulawa ne da ake cusa wa niƙaƙƙen nama ko kabeji a turara. Matsalar ita ce a shaguna da yawa tukunyar turarawar guda ce mai hawa-hawa, na alade a ƙasa, na ganye a sama, tururin yana ratsa duka. Baƙo ba zai taɓa lura da wannan ba. Tun da na gaya wa ɗan rakiyar ni Musulmi ne, shi ke shiga gaba ya tambaya da yarensu, inda bai gamsu ba mu wuce. Daga ƙarshe ya gangara da mu wajen Chowk Bazaar, kusa da babban masallacin garin, inda Musulmi ke da ƙananan wuraren abinci. A nan na ci momo na naman sa da zafinsa, da romo a ɗan kofi, da yajin wani jan barkono mai siffar ƙwallo da suke kira dalle. Ku yi hattara da shi, ɗan dangwale ya isa.

Thukpa ta fi momo dacewa da sanyin, a ganina. Taliya ce cikin romo mai tafarnuwa da citta, ana kawo ta tana tururi, ka sha har ka ji yatsunka sun dawo. Na ɗanɗana sel roti, zoben ƙullin shinkafa mai ɗan zaƙi da ake soyawa, ana haɗa shi da dankali mai yaji. Da ɗuminsa yana da daɗi, in ya huce sai tauri.

Abincin da ya fi tsaya mini a rai ba a kan titi yake ba. Wata dattijuwa ce ta dafa mana shinkafa da miyar gundruk a gidanta. Gundruk ganye ne, galibi na mustad ko na radish, da ake barinsa ya yi tsami sannan a shanya, don a samu na miya lokacin da gona ba ta ba da komai. Ta kawo kinema kuma, waken suya da aka ruɓar. Turawan da muke tare suka yamutsa fuska, ni kuwa ƙamshin daddawa na ji sak, na nemi ƙari. Matar ta yi ta dariya. A kasuwa kuma lokacin lemun Mirik ne, wani gari da ke kusa, lemu mai sauƙin ɓarewa, ga araha. Churpi, busasshen cukun da ake tsotsa, ban ga abin so a cikinsa ba, haƙorana kawai ya wahalar.

Akwai tongba da za a yi ta miƙo muku da sunan maganin sanyi, a wani ƙoƙon katako da tsinken gora. Tamba ce aka tsima, ana zuba mata ruwan zafi. Giya ce, kada kamanninta ya ruɗe ku.

Inda zagayen ya gaza shi ne shayi. Shayin Darjeeling ba ya buƙatar talla: gonar Happy Valley tun 1854 take, kuma a 2004 shi ne kayan Indiya na farko da doka ta kare sunansa da yankinsa. Amma a hunturu ba a tsinkar ganye. Tsinkar farko sai wajen Maris da Afrilu, ta biyu Mayu da Yuni, ta ƙarshe da kaka. Wanda ya je a Janairu zai tarar ana sassabe itatuwan, masana'antu shiru. Ba a gaya mana haka wajen biyan kuɗi ba. Sai aka zaunar da mu a wani shago, aka jera kofuna, mai shagon ya kama kirari, ana nuna mana gwangwani masu tsadar gaske. Da gani ka san ɗan rakiyar yana da la'adarsa a ciki. Shayin kansa ba laifi, musamman na kaka, wanda shi ne mafi sabunta a lokacin, amma lokacin da aka ɓata a wurin ya fi ƙarfinsa.

Keventer's, tsohon wurin karin kumallo da ke kan hanyar Chowrasta, dandalin garin, ya yi suna ne da tsiran alade, don haka koko mai zafi kawai na sha a saman benensu. A hunturu sama ta fi washewa, daga nan ana hango Kanchenjunga, dutse na uku a tsawo a duniya, mai mita 8,586.

Wanda zai yi zagayen ya nemi na safe, domin shaguna kan rufe da wuri in sanyi ya sauka. Ya faɗi batun halal tun kafin ya biya, ya kuma nemi a cire masa shagon shayi a ƙara masa lokaci a Chowk Bazaar.